Abin da muke bari a ƙasa in taro ya watse

Jawabin shugaban kwamitin tsare-tsare ranar bikin cikar ƙungiya shekara 10, a Maraɗi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, Allah ya ƙara girma. Ƴan uwana matasa, na nan gari da waɗanda sunka taso tun daga Damagaram da Tawa da Yamai, sannunku da hanya.

Da anka ce ni zan yi magana yau, abokaina sun ɗauka zan lissafo ayyukan da munka yi cikin shekara goma: darussan dare, musabaƙa, ziyarar marasa lafiya, ba da jini. Duk suna nan cikin ɗan littafin da ke hannunku, da hotuna. Ni kuwa na roƙi a bar ni in taɓo wani abu da ba mu taɓa sakawa cikin rahoto ba, don ba shi da daɗin rubutu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Bara, cikin watan Afrilu, munka yi rufe musabaƙar ƙannenmu. A wajen zaman kwamiti wani ɗan uwa ya ce a ba mai girki kwangilar roba 250. Ni da bakina na tashi na ce a'a, a yi 400, in baƙi sunka zo abinci ya kasa, da wane ido za mu dubi mutane? Babu wanda ya ja da ni, don wannan magana ce da ba a iya ja da ita a ƙasar Hausa. Ranar taro mutane sunka zo, anka yi karatu, yara sunka karɓi kyauta, bayan Azahar anka raba abinci, kowa ya samu. Roba wajen 140 ta yi saura. Munka tara su cikin wani aji munka kulle, da niyyar in an natsa a rarraba. Mai makulli ya tafi rakiyar baƙi tasha, daga can ya wuce wata hidima. Sai bayan Isha'i anka buɗe ɗakin. Kun san zafin Afrilu a Maraɗi, kun san ɗakin kwano in an rufe shi. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare mu. Shinkafa ta yi yauƙi, miya ta kumbura murafen roba. Cikin dare munka gina rami bayan makaranta munka zuba, muna haska ma juna da fitilar waya, ba mai ce ma wani ƙala.

Kowace roba jika guda munka biya. Ku lissafa da kanku. Kuɗin nan kuma ba daga sama sunka faɗo ba. Karo-karo ne: ɗan kabu-kabu ya ba da jika, tela ya ba da jika biyu, akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai da ta kunto dala ɗari daga bakin zanenta ta ce a sa ta cikin ladar karatu. Amanarsu ce munka binne a ramin nan.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Da asuba na fito masallaci, sai na iske wani dattijo maƙwabcin makarantar, sa'an kakana, duƙe da tsintsiya yana tattara ledojin ruwa da fararen robobi daga ƙofar gidansa, iska ta kwaso su duk ta jibge masa. Na ruga zan karɓi tsintsiyar, ya hana. Ya ce mini: “Ɗana, karatu ya yi daɗi jiya, Allah ya yi muku albarka. Sai dai in za ku sake, ku gaya mini da wuri in ɗaure awakina.” Bai ɗaga murya ba, bai ƙara ko kalma ba. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

To, ƴan uwa, abin da zan yi magana a kai ke nan: sauran abinci, da tarkacen da muke bari in taro ya watse. Ba taron ƙungiya kaɗai ba. Ɗaurin aure, zanen suna, walimar sauka, tarbar alhazai, buɗa-baki na jama'a cikin azumi, har zaman makoki. Duk wanda ke nan ya taɓa bi ta wata unguwa washegarin biki, ya san abin da nake nufi. Ba sai an gaya maka gidan da anka yi ba, ƙasa za ta nuna maka.

Mu fara da abincin. Mu ƴan Nijar ba mu da uzurin cewa ba mu san yunwa ba. Ku tambayi iyayenmu da ke zaune a gaba labarin 1984, shekarar da ake ce ma El-Buhari. Waɗanda sunka girme ni kaɗan sun ga 2005 da idonsu, lokacin da jihar Maraɗi ta cika da wuraren jinyar yara masu tamowa, uwaye na tafiya a ƙasa daga ƙauyuka da goyo. 2010 ta zo ta maimaita. Ko kwanan nan, bayan rufe iyakoki a 2023, kowa ya ga inda kuɗin buhun shinkafa ya kai, magidanta nawa ne sunka koma awon tiya-tiya. A ƙasar da damina ɗaya ce a shekara, wata uku zuwa huɗu, in ta ƙi an shiga uku, a nan ne za ka ga an kife rabin tukunyar dafa-duka a bola don ta kwana.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba, gaskiya. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2011 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa don mutane a duniya salwanta yake yi, kimanin tan biliyan 1.3 a shekara. Sai dai a ƙasashe irin namu mafi yawan asarar tun daga gona take, da rumbu, da hanya: ƙwari, ɓera, rashin wurin ajiya, tumatir da ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa. Wannan kuwa ƙara nauyin laifinmu yake yi. Ƙwayar da ta tsira daga fari, ta tsira daga fara da tsuntsu, ta tsira daga ƙwarin rumbu, anka saye ta da tsada, mace ta tsaya kanta gaban murhu tun hantsi da itacen da shi ma saye ne, sai a mataki na ƙarshe, tana cikin faranti, mu mu zubar.

Malamai na nan, ba zan yi musu shisshigi ba, tuni kawai zan yi da abin da sunka karantar da mu. A Suratul A'araf, aya ta 31, Allah ya haɗa halaccin ci da sha da hanin wuce iyaka cikin aya guda. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, kun san da waɗanda anka danganta masu almubazzaranci, ba dangin da mutum zai so a jingina shi da su ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa ko loma ce ta faɗi, a ɗauka a share a ci, a kuma suɗe kwano, don mutum bai san inda albarkar abincinsa take ba. Loma guda fa. Mu roba 140.

Walima kanta sunna ce, kada wani ya tashi daga nan ya ce na hana ciyarwa. Amma ku dubi yadda anka yi ta. Abdurrahman ɗan Aufu, attajiri ne cikin sahabbai, da ya yi aure abin da anka umurce shi shi ne ya yi walima ko da akuya guda. Walimar auren Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Khaibara, dabino ne da cuku da man shanu anka haɗa anka baza bisa shimfiɗun fata. Kuma hadisin Abu Huraira ya yi kakkausan suka ga walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ku riƙe wannan, don a nan asirin ɓarnarmu yake. Wa muke cika ma faranti? Wanda ya karya da ƙwai a gidansa, wanda wannan ne buki na uku da ya leƙa yau, zai tsakuri nama ya ture sauran. Wanda ke jin yunwar gaske yana can bayan rumfa da ƙoƙonsa, ana kora shi, sai an gama a kira shi ya kwashe abin da anka jagwalgwala.

Me ke sa mu dafa abin da ya fi ƙarfin cikinmu? Mun sani. Gudun gori ne. Kada a ce bukin ɗiyar wane abinci bai isa ba, kada dangin miji su samu abin faɗi, kada a ce na gidan su wance ya fi. Magidanci ya ci bashi, uwa ta kwashe adashinta na shekara, don dai a ce an ci an bari. Wannan “an ci an bari” ta zama ma'aunin mutunci. Ni ma ita ce ta kama ni a zaman kwamitin nan, ba wani tunanin baƙi ba, sunan ƙungiya nake ji ma. Kuma abin dariya, masu gorin ko raƙumi ka yanka sai sun ce gishiri bai ji ba.

Akwai kuma abin da ya canza a zamaninmu, wanda ba mu cika lura da shi ba. Da, in ana taro, tire ake fitowa da shi ko babbar tasa, mutum biyar ko shida su kewaye. Mai ƙaramin ciki ya tsame hannu da wuri, mai babban ciki ya ƙarasa, abin da ya rage yara su gyara. Tire na daidaita kansa. In an gama a wanke a mayar ma masu shi, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Yanzu mun waye, kowa da robarsa, awo ɗaya ga tsoho mai ciwon suga da saurayi mai dako da yarinya ƴar shekara biyar. Uku bisa huɗu na robar yarinyar nan ina zai tafi? Wanda anka riga anka tsoma ma cokali, ba ka iya ba wani cikin mutunci. Ga robar kanta, ga cokalin roba, ga baƙar ledar da anka ƙunso su, ga kwalbar lemu. Mutum guda ya tashi ya bar shara huɗu ko biyar. Ban ce roba ba ta da amfani ba: tana da sauƙin rabo, tana raba rigima, wanda ke sauri ya tafi da ita gida ma iyali. Amma mun ɗauke ta ba tare da mun tanadi inda za ta ƙare ba.

Sai ruwan leda, na dala biyar ɗin nan. Ku yi lissafi tare da ni. Taron mutum 300 cikin bazara, kowa ya sha uku, leda 900 ke nan, kuma rabinsu an ɓula an kurɓa sau biyu an yar da sauran ruwan a ciki. A Damagaram, ƴan uwanmu da sunka zo daga can za su gaya muku abin da jarkar ruwa ke kaiwa in zafi ya tsananta.

Ina ledar nan ke zuwa? Ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Hanya uku gare ta, duk mun san su. Ta farko cikin dabba. Ledar da ta taɓa mai da gishiri, akuya ba ta bambanta ta da abinci. Ku je mahauta ku tambaya abin da suke cirowa daga tumbin awaki da tumaki da shanun cikin gari: dunƙulen leda ne murɗaɗɗe kamar igiya. Dabba ta yi ta ramewa, ciki ya kumbura, mai ita na ta sayen dussa da magani a banza. Jar akuyar Maraɗi da anka san mu da ita har ƙasashen waje saboda fatarta, a gidaje da yawa ita ce asusun mace: kuɗin magani, kuɗin makarantar yaro, kayan ɗakin ɗiya. Abin da dattijon nan ke nufi ke nan da ya ce zai ɗaure awakinsa.

Ta biyu magudanar ruwa. Wannan gari ya san ruwa. A 1945 ambaliyar Gulbi ce ta ci tsohon gari har anka maido mutane bisa tudu. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, a Damagaram kuwa tsohon masallacin Birni ya rushe farkon watan Satumba. Ba zan tsaya nan in ce ledar buki ce ta jawo wannan ba, ruwan ya fi ƙarfin misali, kuma hukuncin Allah ne. Amma kowa ya ga inda ruwa ya tsaya a unguwarsu, kowa ya ga abin da anka tono daga magudana da anka zo yashewa. Ruwan da bai samu hanya ba gidan laka yake shiga, in ya kwanta kuma sauro ya samu wurin haihuwa, masassara ta biyo. Ga ƙuda bisa ruɓaɓɓen abinci. Ba mu manta kwalarar 2018 da ta faro daga Madarunfa ba.

Ta uku wuta. A tara a cinna, hayaƙi baƙi ya turnuƙe unguwa, jarirai da masu asma su kwana tari. Wannan ma ba kawar da ƙazanta ba ce, daga ƙasa anka ɗauke ta anka zuba cikin ƙirjin maƙwabta.

Wani zai ce ai aikin hukuma ne. Hukuma na da nata. Akwai ma doka, mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, da ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da irin siraran ledojin nan a Nijar. Ku leƙa kasuwa ku ga ko ledar ta ji labari. Doka ba ta iya bin kowa har ƙofar gidan suna. Mu kuwa da muke karantar da yara cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, har yana cikin rassan imani, ya za a yi a ce an gane inda munka yi wa'azi ta yawan sharar da munka bari? Har filin idi fa, ku duba shi bayan an sallame.

To bayan abin da ya faru bara, kwamiti ya zauna, munka yanke wasu abubuwa, kuma yau ne gwajinsu na farko a babban taro. Zan faɗe su don rassanmu na sauran garuruwa su ɗauki abin da ya yi musu.

Mun daina ƙiyasi da ido da tsoro. Kowane reshe ya aiko da yawan mutanensa kwana uku kafin yau, munka ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda baƙon da ba a sa rai. Masu girki sun san awonsu in ka tambaye su: kilo guda na shinkafa na ciyar da mutum takwas har goma in akwai miya da nama, ke nan buhu mai kilo 25 na ɗaukar mutum wajen 200. Ita mai girkinmu da munka zauna da ita cewa ta yi ta daɗe tana ganin ana ɓarna, amma wa zai ce ma mai kuɗi ya rage oda? Munka kuma shirya da ita cewa kashi na ƙarshe ba za a zuba shi ba, zai zauna cikin tukunya da zafinsa, sai an ga ana bukata. Abin da ke cikin tukunya hannu bai taɓa ba, shi ne ake iya ba kowa ba kunya.

A nan ne nake son ku fi saurara, don a nan munka faɗi bara. Sauran abinci ba ya jiran a natsa. Hukumar lafiya ta duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, balle a zafinmu da ke haura digiri 40. Saboda haka tun kafin a ɗora tukunya ake sanin inda saura zai tafi, da wanda zai kai, da babur ɗin da zai hau. Yau mutum huɗu ne, ba su da wani aiki sai wannan, kuma makulli na hannunsu. Sun riga sun yi magana da malaman makarantun allo biyu na unguwar nan, da masu jinya da ke kwana a harabar asibiti, da wasu gidaje da mai unguwa ya nuna mana a asirce. Kuma rabonsu ba saura ba ne ma, an fitar da shi tun farko, tare da na manyan baƙi. Ina roƙonku, abin da kai ba za ka iya ci ba, kada ka ba almajiri. A haɗa shinkafa da taliya da ƙashin da anka tsotse da ruwan lemu a tasa guda a miƙa ma ɗan mutane, in ya kwana gudawa wa ya jawo? Abin da hannu ya taɓa, a ware shi daban ba leda a ciki, masu kiwon kaji da awaki na so.

Za ku ga kuma yau a tire za a ci, shida-shida. Ruwa na cikin randuna da manyan kuloli, da kofuna da ake wankewa da sabulu. Na san akwai wanda zai ce an mayar da mu ƙauye. To, ni dai a ƙauyen anka haife ni. Wankin tire kuwa, ƴan uwa maza, ban yarda a tura ma ƴan uwanmu mata ba kamar yadda anka saba, su ne sunka kwana yankan albasa. Sunana ne na farko a takardar masu wanki, wanda ya ga ban je ba ya kira ni gaban jama'a.

Ga iyayenmu mata ina da roƙo, cikin ladabi. Mu ƙarfinmu a taron ƙungiya ya tsaya. Bukin gida a hannunku yake, ku ke cewa a ɗora tukunya kaza. In babbar mace guda a dangi ta ce ya isa haka, ba mai yi mata gori. Mu kuma samari, duk fadar da abokinku zai yi aure, kamar yadda kuke naɗa mai kula da kujeru da mai kula da shayi, ku naɗa mai kula da buhun shara, ku kuma sa kuɗin mai amalanken da zai kwashe cikin lissafin buki tun farko, kusa da kuɗin rumfa. Bai kai kuɗin roba biyar ba.

Dattijon nan da na ba ku labari, mun aika masa da takardar gayyata, yana cikinmu yanzu, ba zan nuna shi ba don ba zai so ba. Shekaranjiya na je da kaina na gaya masa za mu sake taro, kamar yadda ya ce. Ya tambaye ni ko ya ɗaure awakin. Na ce masa Baba, bar su.

Don haka in an shafa fatiha kada kowa ya yi gaggawar tafiya. Buhunan da kuke gani ɗaure a ƙafafun rumfa, masu jan ƙyalle na leda da roba ne, sauran na ragowar abinci. Tsintsiya 30 na nan bayan masallaci. Ƴan Tawa da ƴan Yamai masu doguwar hanya an ɗauke muku, sauran kuwa daga ƙofar makaranta za mu fara har kwanar famfo.